Wasiƙar da ta yi azumi a akwatin fita

A ofishinmu akwai wani bawan Allah da muke kira Sarkin Sammako. Ba wai yana riga kowa zuwa aiki ba ne, sau tari ma ni nake riga shi. Imel ɗinsa ne mai sammako. Ƙarfe shida da rabi na safe, lokacin da mu bayin Allah muke komawa cikin bargo bayan asuba, sai wayar Oga ta yi ƙara: rahoton Sarkin Sammako ya iso. Ranar Litinin a wurin taro Oga zai bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku yi koyi da yaron nan. Kuna barci yana aiki." Ni kuwa da nake shafe kwana biyu ina fama da lissafi, nawa rahoton sai rana ta take yake isa, ko sannu ba na samu.

Abin ya tsaya min a wuya, har na tsare yaron da ke gyara mana kwamfutoci na saya masa tsire da lemo. Da ya ji damuwata sai ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Yaya, ai a lokacin nan mutumin naka minshari yake. Tun jiya da yamma ya rubuta, ya sa mata lokaci." Ya jawo kujera ya nuna min yadda ake yi a Outlook, manhajar imel da ke kan kwamfutar teburina. In ka gama rubuta wasiƙa, akwai wurin jinkirta aikawa. Ka sa alama a ɗan akwatin da ke cewa kada a kai saƙon kafin lokaci kaza, ka sa rana da sa'a, ka danna aikawa kamar kullum. Wasiƙar ba za ta tafi ba, za ta zauna a akwatin fita tana jiran lokacinta. Ya buɗe baki ya ce, "Amma fa, Yaya..." sai na ɗaga masa hannu na ce na gane, ai ba yau na fara taɓa kwamfuta ba.

Ranar Juma'a da la'asar na kammala rahoton mako. Da na tsaya a nan da da sauƙi. Sai shaiɗan ya ce in ɗan ƙara gishiri. Na rubuta a sama: "Ranka ya daɗe, dawowata ke nan daga sallar asuba na zauna na ƙarasa wannan aiki, don ni ba na iya barci da aikin ofis a kaina." Na sa mata Litinin, ƙarfe 6:10, in riga Sarkin Sammako da minti ashirin cur. Da zan rufe manhajar sai wani ɗan saƙo ya fito da Turanci, ban karanta ba, na danna wanda ya fi kusa da hannuna. Na kashe kwamfuta, na lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, na kama hanyar gida ina fito.

Litinin da gangan na makara. Wanda ya yi aiki tun asuba ai ya cancanci ya karya a tsanake. Goma ta gota na shigo ina taku ɗai-ɗai, sai ga Oga a bakin ƙofa.

"Malam, ina rahoto?"

"Ranka ya daɗe, ai tun da duku-duku na turo. Sai dai in sabis ne."

Ya duba waya, ya ƙara dubawa. Ya ce mu je in nuna masa. Ya biyo ni har teburina, na yaye ƙyallen a gabansa, na kunna. Kwamfutar nan kafin ta farka sai ka dafa wake, muka yi tsaye cirko-cirko muna kallonta. Outlook na buɗewa, sai na ji ƙirrr daga aljihun Oga. Ƙarfe 10:25. Ya sa tabarau, ya karanta a fili, kowa na ji, har wurin da na ce ba na iya barci. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, a wane masallaci kake sallar asuba?"

Daga ranar sunana ya koma Ladanin Hantsi. Har mai kawo mana ƙosai haka take kirana.

Na koma wurin yaron kwamfuta da fushina, ya ce in zauna in ji "amma" ɗin da na hana shi ƙarasawa. Irin asusun imel ɗin ofishinmu, wanda ake kira IMAP, wasiƙar da aka jinkirta ba ta zuwa ta jira a uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin imel. A cikin kwamfutarka take kwana. In lokacinta ya yi, dole kwamfuta na kunne, manhajar na buɗe, intanet na aiki, in ba haka ba tana nan zaune sai ranar da ka dawo ka buɗe. Shi Sarkin Sammako da Gmail yake turawa, su kuwa tun 2019 suka sa tsarin aikawa a kan lokaci, kuma a wurinsu saƙon yake jira, ko wayarka ta faɗa rijiya zai tafi. Na ce don me bai faɗa min ba. Ya ce, "Yaya, ai ka ce ka gane."

Na gwada barin kwamfutar a kunne ta kwana. Baba mai gadi ya bi ya kashe komai daga soket kamar yadda ya saba. Na manna takarda da manyan baƙaƙe, KADA A KASHE, ashe Baba ba ya karanta boko. Na sa aka rubuta masa da ajami, na haɗa da kuɗin goro. Baba ya cika alkawari, masu wuta suka ɗauke abinsu cikin dare. Na haƙura da sammako.

Abu ɗaya na ƙaru da shi, kuma har gobe ina yaba masa. Yaron ya kafa min wata ƙa'ida a manhajar, duk wasiƙar da na aika sai ta yi minti biyu a akwatin fita kafin ta wuce. Ana iya sa ta har minti 120. Minti biyun nan sun sha rufa min asiri, musamman irin ranar da za ka rubuta "ga takardar nan a haɗe" alhali ba ka haɗa komai ba. Daga nan ne na fara ganin kaina a matsayin masanin jinkiri.

Sai maganar alawus ta taso. Na yi wata tafiyar aiki Kaduna da kuɗin aljihuna, wata uku ana ce min takarda na kan tebur. Ranar Juma'a 1 ga Maris, 2024, tura ta kai bango. Na zauna na zazzage wa Oga cikina kaf. Na ce na gaji da aikin jaki. Na ce ko bawa ana ba shi tuwo. Na tono har maganar kujerata mai ƙafa uku da rabi. Na rufe da cewa daga yau Talata in ba a biya ni kafin azumi ba, kowa ya kama gabansa. Kafin in aika na kira uwargida na karanta mata, don ta ji irin mijin da take aure. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Abban yara, ka bar ta ta kwana. Magana zarar bunu ce." Shi ya sa na rubuta Talata. Na ba kaina kwana huɗu: in na huce in goge, in ban huce ba ta tafi da kanta. A gurbin rana na buga 5/3, ƙarfe goma na safe.

Talata ta zo ban huce ba. Na kunna kwamfuta, na tabbatar da wuta da intanet, goma saura na sulale wurin mai shayi, don jarumtaka ma tana son a ba ta tazara. Sha ɗaya na dawo a shirye da yaƙi. Muka yi kiciɓis da Oga a baranda, ya ce, "Malam, ya aiki? Ya iyali?" har da dafa min kafaɗa. Na ce a raina, ta shige shi.

Mako na zagayowa aka biya alawus. Na kowa aka biya, amma ni na san dalili. Na riƙa gaya wa abokan aiki a ɓoye cewa manya sai an nuna musu ƙwanji. Azumi ya kama 11 ga Maris, Oga ya raba shinkafa da sukari, na karɓi nawa a matsayin toshiyar baki. Ranar Sallah, 10 ga Afrilu, na je gidansa gaisuwa, na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya wuce a yafi juna." Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na fito ina cewa kai, mutumin nan dattijo ne, ko a fuska bai nuna ba.

Duk tsawon wannan lokaci, kullum in zan tashi daga aiki sai ɗan saƙon nan na Turanci ya fito. Abin da yake cewa, kamar yadda na gano daga baya, shi ne akwai wasiƙa a akwatin fita da ba ta tafi ba, ko in fita haka nan? Wata biyu baiwar Allah tana tambayata, wata biyu ina ce mata fita.

Kwamfutar tawa 'yar gwanjo ce, daga Amurka aka kawo ta, kuma ba wanda ya sauya mata tsarin kwanan wata. Su can wata suke fara rubutawa kafin rana. Ni na rubuta 5 ga Maris, ita ta karanta 3 ga Mayu.

Juma'a 3 ga Mayu na kunna kwamfuta kamar kullum, aka ce Oga na kiran taro tara da rabi. Bayan 'yan bayanai sai ya ce an ba ofishinmu gurbi ɗaya na kwas ɗin mako guda a Abuja, da otal da alawus, kuma ni ya zaɓa. Aka yi tafi. Ya ce, "Kun san dalili? Haƙuri. Kuɗin bawan Allahn nan ya maƙale wata uku, bai taɓa buɗe baki ya ce uffan ba."

Bai taɓa buɗe baki ba? Wani sanyi ya taso min daga tafin ƙafa. Na ɗaga kai na dubi agogon bango, dogon hannu na hawa kan sha biyu.

Ƙirrr.

Wannan karon bai karanta a fili ba, kuma na gwammace da ya yi. Ya karanta, ya koma sama, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce taro ya tashi. Na ruga wurin yaron kwamfuta na ce ya janyo min ita ko nawa ne. Ya ce janye wasiƙa sai ofisoshin da ke kan wani tsarin imel da ake kira Exchange, mai aikawa da mai karɓa duk a ma'aikata ɗaya, kuma ko a can ma in an riga an buɗe sai addu'a. "Yaya, wannan kam bakin alƙalami ya bushe."

Bayan an sauko daga Juma'a Oga ya aiko a kira ni. Na shiga na durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Malam, ka ce daga yau Talata. Yau Juma'a."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ka ce a biya ka kafin azumi. Na baɗi?"

Na yi tsuru-tsuru. Na fara bayanin Amurka da yadda suke rubuta wata, ya ɗaga min hannu, irin ɗagawar da na yi wa yaron kwamfuta.

"Na gane. Wato ita ma daga masallacin naku ta fito. Kujerar za a sauya maka. Maganar Abuja kuma na riga na rubuta maka amsa, na sa mata lokaci."

"Zuwa yaushe, ranka ya daɗe?"

"5/3," in ji shi, ya jawo fayil ya ci gaba da aikinsa.

Na kai bakin ƙofa na juyo in tambaya ko namu ne ko na Amurka, sai na ga kafaɗunsa na rawa a bayan fayil ɗin, na ja masa ƙofa a hankali.