Kilafe ba makullin bututu ba ne

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a masana'antu da tashoshin famfo na Yamai shi ne yadda ma'aikata da yawa ke cewa, tunda akwai kilafe, wato bawul mai murfi a ciki da ke rufe kansa, a layin, ana iya kwance famfo ba tare da rufe komi ba. Maganar tana da kama da gaskiya, domin aikin kilafe ke nan: hana ruwa komawa baya.

Sai dai matsin ruwa ne, tare da sifirin a wasu, ke riƙe murfinsa, ba hannu ba, kuma daga waje ba ka ganin ko ya zauna. Ƙwayar yashi ɗaya a mazauninsa, ko tsatsa, ko sifirin da ya karye, sai ya riƙa yoyo. Ruwan kogi kuwa ba ya rasa yashi.

A ce famfo yana tura ruwa zuwa tanki mai tsayin mita 20. Matsin da ke kan kilafen ya kai wajen bar 2 a ma'aunin matsi. In murfin ya kuɓuce, ruwan zai feso wa mai kwance ƙusoshin famfon a fuska.

Kafin taɓa ƙusa, a kashe famfo, a rufe bawul ɗin hannu gaba da baya, a sa kwaɗo, a zubar da ruwan tsakani, sannan a tabbata agogon matsi ya sauka sifili kuma ya tsaya can.