Ba taimakon Allah kake yi ba, ɗan'uwa

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu 'yan'uwana matasa. Yau da mu masu hidima a ikilisiya nake, 'yan kwaya masu waƙa, masu kiɗa, shugabannin zumunta, masu koyar da yara ran Lahadi, har da mai kula da makirufo, kowa ya matso.

Akwai wata cuta da ta shigo mana a hankali, wato mutum ya riƙa ganin kamar alfarma yake yi wa Allah da ya fito hidima. Ba a faɗa da baki, amma bari a gama taro mai sanarwa ya gode wa kowa ya manta sunansa ku ga ikon Allah, sati uku ba zai leƙo koyon waƙa ba, a kira waya ba ya ɗauka, in an matsa ya ce wai ba a san darajarsa ba, bari su gani ko za su iya ba shi. 'Yar'uwa kuma an ba wata ta ja waƙar da ta saba ja, shikenan ta koma layin baya ta ɗaure fuska, baki na motsi amma ba murya. Haba! To dama wa kike rera wa waƙar?

Ku buɗe 2 Tarihi sura 26 ku karanta labarin Uzziya. Yana shekara 16 ya hau sarauta, ya yi shekara 52 yana mulki a Urushalima, kuma ya fara da kyau sosai, ya nemi Allah, Allah ya ba shi nasara, ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi, sunansa ya kai nesa. Da ya yi ƙarfi sai kai ya kumbura. Abin da ke ba ni tsoro a labarin nan shi ne ba gidan giya ya je ya faɗi ba, cikin Haikali ya faɗi, da kaskon turare a hannunsa. Ya shiga zai ƙona turare, aikin da na firistoci ne kaɗai, Azariya babban firist da firistoci 80 suka bi shi suka ce ranka ya daɗe wannan ba hurumin ka ba ne, maimakon ya sauko sai ya hasala, yana cikin fushin nan kuturta ta ɓullo masa a goshi, ya ƙare rayuwarsa a keɓe ɗansa Yotam na riƙe da fada. Wanda ya hango shi daga nesa ran nan zai rantse ibada yake yi.

Shi ya sa nake cewa girman kai na mai hidima ya fi wuyar ganewa, don yana sanye da kayan sujada. Kuma alamarsa ta farko ita ce mutum ya daina jin gyara, dattijo ya ce rage ƙarar kiɗan nan ba a jin kalmomin waƙa, sai ka ji wai baƙin ciki ake masa da baiwarsa.

Baiwar ma ta wa? Bulus ya tambayi Korintiyawa, me kake da shi da ba karɓa ka yi ba, in kuwa karɓa ka yi to fahariyar me kake? Muryar nan ba kai ka ƙera ta ba, mura kaɗai ta isa ta ɗauke ta. A Luka 17 Yesu ya ce in mun gama duk abin da aka umarce mu, mu ce mu bayi ne marasa amfani, abin da ya wajaba kawai muka yi. Maganar ba daɗi a kunne, na sani. Amma ku ci gaba da karatu, nan take labarin kutare goma ya biyo, duk sun warke, ɗaya ne tak ya dawo, shi ma Basamariye, ya fāɗi rubda ciki a gaban Yesu yana godiya. Mai godiyar gaske kenan, fuska a ƙasa. Ban taɓa ganin wanda ya cika da godiya kuma yana hura hanci a lokaci guda ba, ɗaya sai ta kori ɗaya.

Kar wani ya ce to tawali'u shi ne in ɓoye baiwata ina cewa ai ni ban iya komai ba sai an yi ta lallashi na. A'a, wannan ma neman yabo ne ta ƙofar baya. In ka iya, tashi ka yi da dukan ƙarfinka, in an yaba ka ce mun gode Allah ka wuce, in ba a yaba ba ka dawo mako mai zuwa da wuri. Ka koya wa na ƙasa da kai abin da ka iya ko da zai fi ka. Ran shara ka ɗau tsintsiya ka goge benci, kuma don Allah ba sai ka ɗau hoto ka sa a Facebook ba.

Ku ma shugabanni kar ku laɓe bayan wannan nasiha ku ce ai lada na sama. Ku dubi Romawa 16 yadda Bulus ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, su Fibi, Bilkisu da Akila, yana faɗin wahalar da suka sha. Tsohuwar da ke riga kowa zuwa ta jera kujeru, ku neme ta ran Lahadin nan ku ce mama sannu da aiki.