Yadda Aka Yi Nake Amsa Sunan Malam Furo

Duk abin nan fa rediyo ce ta jawo min. Kawu yana kwance a zaure da rediyonsa a kan ciki ya ji ana cewa ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft za ta daina kula da Windows 10, manhajar da kwamfutarsa take aiki da ita, shi kuma abin da ya fahimta shi ne ranar kwamfutarsa za ta mutu, kamar maganin da wa'adinsa ya cika. Ko takalmi bai sa daidai ba ya aiko a kira ni. Ni ne dai ɗan da ya yi kos ɗin kwamfuta na wata uku a Dutse, satifiket ɗina har yau yana manne a bangon ɗakin Inna kusa da kalanda, don haka duk ƙauyenmu in waya ta ƙi caji ko rimot ya ƙi aiki ni ake nema.

Kwamfutar Landan yus ce, ya sayo a Kano, a ciki yake ajiye sunayen 'yan ƙungiyarsu ta manoman riɗi, wa ya biya kuɗin taki wa bai biya ba. Na ce Kawu kwantar da hankalinka ba mutuwa za ta yi ba, gyare-gyaren tsaro ne kawai za su daina zuwa, amma tunda taka tana da ɗan na'urar tsaron nan TPM 2.0 kuma ram ɗinta ya wuce giga 4 ɗin da ake nema, sai mu sa mata Windows 11. Wlh da nan na tsaya na danna mata ofdet ta hau da kanta da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma ina, sai na ce ai ƙwararru ba sa haka, fomatin za a yi mata a wanke ta tas a zuba sabuwa. Kawu ya ce to lasisin fa, don mai shagon da ya sayar masa ya ce tata orijina ce kar ya bari kowa ya taɓa. Na daki ƙirji na ce bar min wannan.

Dawunlodin ɗin kaɗai ya ci min dare biyu. Abin ya fi giga 5, mu kuma netwok ɗinmu sai ka hau tudun bayan makarantar firamare kake ganin sanda uku, don haka ƙarfe sha biyun dare da datar dare ta buɗe na tafi can na zauna da bargo da tocila, sauro suna walima da ni, karnukan unguwa suna zagaya ni suna tunanin ɓarawon akuya ne. Filash kuma mai giga 8 ake so, na aro na ƙanwata. Kafin komai sai na yi abin da nake ganin hikima ce, na kwashe duk fayilolin Kawu na zuba a filash ɗin don kar su ɓata. Sannan na sa manhajar nan ta Media Creation Tool ta haɗa min Windows a kan filash ɗin dai, shi ɗin. Ta yi min gargaɗi da turanci, na ga rubutun da idona, na danna ok ban karanta ba saboda barci da sauro. Ku riƙe wannan a ranku za mu dawo kansa.

Washegari a shagon caji muka yi aikin don batirin kwamfutar bai fi minti arba'in ba, kuma wuta rabonmu da ita tun kafin a cire gero. Yara sun taru a bayana, mai shayi ma ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Na danna F9 na zaɓi filash, ta tashi, na goge fatishan ɗin nan, wato ɓangarorin ma'ajiyar kwamfutar, kaf ina yi ina waiwayen jama'a. Aka zo wurin da take neman key, wato lambar lasisi. Nan na kifa kwamfutar na samu wata sitika a ƙasa na fara kwafe lambobin, na sa ta ƙi, na sake ta ƙi, ashe lambar jikin inji ce, key na gaske harufa 25 ne biyar-biyar gida biyar, ni kuma ina ta cusa mata guda goma. Da na gaji na danna wurin da aka rubuta I don't have a product key ta wuce.

Sai ga jeri ya fito, Home, Education, Pro da sauransu, wai in zaɓa. Wasu kwamfutocin ba sa ma tambayarka, key ɗinsu yana dashe a cikin madabod, babban faifan da ke cikin inji, sai su zaɓa da kansu, tamu ba ta cikin masu wannan kirkin. Na tsaya na yi nazari irin na masu ilimi. Home dai gida ke nan, ta yara da masu kallon fim. Kawu kuwa sakataren ƙungiya ne guda, mutum mai hula da biro biyu a aljihu. Na juya na ce wa jama'a Furo za mu sa masa, ta manya. Mai shayi ya ce Allah ya ƙara basira. Ni ko tambayar kaina wacce ce a kai da ban yi ba, kuma na riga na goge wadda zan duba.

Can gaba ta tsaya cak wai sai an haɗa ta da intanet. A shagon caji ko sanda ɗaya babu. Haka muka ɗauke ta a buɗe, ni ina riƙe da ita kamar farantin tuwon biki, ƙanina yana gaba da wayata a sama yana neman netwok, yara suna biye da mu har tudun makaranta, wata tsohuwa ta tsayar da mu tana tambaya wa ya rasu. Batir yana kashi 9 ta gama. Aka yi tafi.

Kwana ɗaya na yi ina cin wannan girman. Da magariba sai ga Kawu da kansa, kwamfuta a hammata, fuska ba annuri. Ya buɗe ya nuna min ƙasan allo ta hannun dama, wani rubutu fari-fari kamar hayaƙi, Activate Windows. Ya ce kai yaro wannan sammaci ne ko me, ya goge da hannun riga bai fita ba, ya sa yawu ma bai fita ba. Ya kuma so ya mayar da hoton Ka'aba da yake kan allon da, ta hana shi, don wadda ba ta da lasisi ba ta barin ka canja hoton bango ta setin. Na ce Kawu ƙaramin abu ne netwok ne. Cikina kuwa ya ɗuri ruwa, don na san kuɗin sabon lasisi sai dai in sayar da tunkiyar Inna.

Na koma tudu na kira wani abokina da yake gyara a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Ban gama bayani ba ya ce mutumina da can Home ce ko Pro. Na yi shiru. Ya ce kai dai faɗi gaskiya Pro ka sa ko. Ya yi dariya har sai da katina ya kusa ƙarewa, sannan ya ce lasisin nan ba a sitika yake ba kuma fomatin ba ya cinye shi, yana can ajiye a wurin Microsoft an ɗaure shi da madabod ɗin kwamfutar, kamar yadda banki ya san ka da ɗan yatsanka. Lasisin Windows 10 yana aiki a 11 kyauta, amma fa iri ɗaya, mai Home sai Home, mai Pro sai Pro, ka je da yatsan wani banki ba zai ba ka kuɗi ba. Ya ce da na leƙa setin wurin Activation kafin in goge da na gani a rubuce, da ma na haɗa ta da akawun ɗin Microsoft tun farko. Na ce to yanzu a mayar da ita Home mana. Ya ce daga Home a hau Pro yana yiwuwa, amma saukowa sai ka sake fomatin daga farko.

Na sake, wannan karon da asuba ba ɗan kallo ko ɗaya. Na tsallake wurin key, na zaɓi Home ina jin kunya kamar ana ganina, na hau tudu, tana shaƙar intanet ko minti biyar ba a yi ba ta rubuta active da kanta, sisi ban biya ba. Na kai wa Kawu da ƙafata ina taku ɗai-ɗai.

Ya duba kusurwa ba sammaci, ya mayar da hotonsa, ya ce madalla, to ina sunayen mutanena. Na ce suna filash ai. Na soka filash. Ba komai ciki sai kayan Windows. Gargaɗin nan da na danna wa ok a kan tudu cewa yake duk abin da ke cikin filash ɗin za a goge. Fayilolin Kawu sun tafi, haka hotunan bikin ƙanwata da na manta ma suna ciki, ita har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a daƙile.

Abin da ya cece ni shi ne Kawu bai taɓa yarda da kwamfuta ɗari bisa ɗari ba, yana da wani littafi mai bangon kwali da yake rubuta komai da biro kafin a shigar. Sati biyu na yi a zaurensa bayan isha yana karanto min suna ina bugawa, mutum ɗari biyu da wani abu, rabinsu sunansu ɗaya sai dai a bambanta da sunan uba ko na unguwa, in na yi kuskure ya ce a'a Malam Furo duba dai da kyau. Mai shayi ya ɗauka, yara suka ɗauka. Inna ita ba ta san tushen zancen ba, ta zaci fura ake nufi, jiya ma da na shigo ta ce wai ni tun yaushe na fara son fura haka har gari ya sani ita ba ta sani ba, ta miƙo min kwanon sha cike.