Mun biya kuɗin jagora, anka bar mu awa tumakin da ba makiyayi

Wallahi na daɗe ina haɗiye maganar ga saboda kar a ce ban da kunya ga malamai, amma yau wata huɗu ke nan da dawowarmu kuma har yanzu ba wanda ya ce muna ko sannu, to bari in amayar da ita kowa shi ji.

Mu 18 ne, ɗaliban Larabci, anka ce za a kai mu Alƙahira kwana 12 mu ga ƙasa mu zauna darasi mu goge harshe. A cikinmu mutum biyu kaɗai sunka taɓa hawa jirgi, su ma Umara ce da iyayensu tun suna yara. Ni iyakata Konni, ita ma ta Illela muke tsallakawa mu dawo da yamma. Kwamitin tafiya sun san haka sarai, don a takardar da sunka raba muna an rubuta cewa tafiyar ta sababbin matafiya ce, kuma ejan tafiye-tafiye zai kula da komi tun daga biza har masauki. Kan wanga alkawali babana ya kai bajimai biyu kasuwar Achida, shanun da ya shekara uku yana kiwo. Ina tsaye anka ɗora su a mota, bai ce komi ba sai "Allah shi sa a samo ilimi".

Tun daga fasfo wahala ta fara. Satumban 2024 anka ƙara kuɗinshi, mai shafi 32 ya koma 50,000, to wannan ba laifin kowa ba ne cikinsu, mun biya. Amma mi zai hana a tara mu awa ɗaya tak a ce kowa shi duba sunanshi na NIN ya yi daidai da na takardun makaranta? Ni a NIN Muhammad nike, a takardar haihuwa Mohammed, wanga ɗan bambanci ya ci min sati biyar ina zarya daga Mabera kullum kan kabu-kabu cikin ƙura, ga kuɗin rantsuwar kotu ga na hoto. Da na kira ejan sai ya ce ai kowa ya san wannan. Kowa wa? In mun sani mi za mu ba ka kuɗi ka yi muna?

Sai maganar dala. Sau biyu ana turo saƙo a guruf ɗin WhatsApp da tsakar dare wai dala ta tashi kowa shi ciko, nan da kwana uku ko a cire sunanka. Ba mu musanta ba, duk wanda ke ƙasar ga ya ga yadda naira ta zube tun da anka sake ta a Yunin 2023, har ta wuce 1,500 a 2024. Amma da ta ɗan sauko ba mu ga saƙon tsakar dare ba. Hawa kawai dalar ejan ta iya, ba ta san gangara ba. Kuma ciko na biyu ko rasit babu, cikin asusun wani yaronshi munka tura.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kad. Misira na neman shi ga duk wanda ya fito daga Najeriya, kuma allurar sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin shi fara aiki, wannan ba sirri ba ne, duk ejan da ya san aikinshi abin da zai fara faɗa maka ke nan. Mu sai saura kwana huɗu tashi anka tuna. Mu da Allah ya taimaka muna da tsohon kati ko munka yi da wuri don wani ya ba mu shawara mun tsira. Mutum uku ba su tsira ba. Mun baro Sakkwato da asuba, mota ɗaya, ta Talata Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa, hanyar da kowa ya san halin da take ciki, ba mai magana sai salati, munka isa Kano a gajiye, kuma a gaban kanta anka duba ranar allurarsu anka ce ba za su hau ba. Ɗaya daga ciki mace ce, uwarta ta sai da 'yan kunnenta na zinari don tafiyar ga. Ta zauna bisa akwatinta nan tsakiyar fili ta ja hijabi ta rufe fuska, ba ta yi kuka da ƙarfi ba, kafaɗunta kawai ke motsi. Malamin da ya rako mu yana ta kiran ejan waya na ringin ba a ɗauka. Haka munka wuce munka bar su, har yau in na tuna sai in ji kunya kamar ni na yi musu.

Wurin bincike kuma abin dariya abin haushi. Ba wanda ya gaya muna ba a shiga jirgi da ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Man shanun da innata ta soya min da albasa, da kwalbar turare ta abokina, duk cikin kwandon shara. Wani akwatinshi ya wuce kilo 23, ya buɗe shi a ƙasa gaban jama'a yana rarraba muna gari da ƙuli-ƙuli mu riƙe mishi. Mutane na kallo suna murmushi, ka san irin kallon ga na 'yan ƙauye sun zo birni.

Mun sauka cikin Janairu da dare. Mu da muke taƙama mun san hunturu, ashe ba mu san komi ba, sanyi mai shiga ƙashi ga mu da shadda da silifa. Ba wanda ya ce a zo da rigar sanyi. Masaukin da anka ce ana iya takawa da ƙafa zuwa jami'ar Azhar, sai da munka yi fiye da awa a mota cikin cunkoso, mu shida ɗaki ɗaya, bargo uku. Katin ATM na naira kuwa lokacin bai aiki a waje, ni ban sani ba, duk guzurina na cikin asusu ina kallonshi a waya ba ni iya taɓawa. Kwana 12 ina cin bashin ful (dafaffen wakensu) da gurasa wurin abokai.

Darasin da anka yi ta tallatawa, zama takwas a takarda, biyu munka yi, su ma a falon masauki wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu can anka roƙo ya zo. Allah shi saka mishi, don shi ne ma ya fara gaya muna Larabcin titi daban yake da na littafi, harafin jim ma "ga" suke furta shi, ka yi wa direba fusha da i'irabi shi dube ka awa mai huɗubar Juma'a. Ranar da anka kai mu Giza ganin dalar Fir'auna anka ce kuɗin shiga ba ya cikin lissafi, kowa shi biya da kanshi. Dalar Fir'auna dai mun gan ta, ba zan yi ƙarya ba abin mamaki ce, amma wai ni Basakkwace ake bi ana roƙo in biya in hau raƙumi, raƙumin da ke kawo muna kaya har ƙofar gida.

Da munka dawo kwamiti sunka ce laifin ejan ne, ejan ya ce kwamiti ba su cika mishi kuɗi ba, yanzu layinshi ma a kashe yake, ofishin da ke da allo an cire allon. Mutum ukun ga ko sisi ba a maida musu ba, sai "a yi haƙuri, ƙaddara ce". Malam, da girmanka, ƙaddara ba ita ta manta da yalo kad ba. Ku kunka kawo ejan ga, ku kunka tsaya mishi gaban iyayenmu.

Mun shirya zama ran Asabar bayan la'asar, duk wanda ke da rasit ko hoton alat na ciko shi taho da shi, har ku ukun da anka bari a Kano. Babana ya ce zai zo da kanshi, shina son a gaya mishi ido da ido inda kuɗin shanunshi sunka shiga.