Bulo 60 a wata: nasiha ga mai son fita daga gidan haya

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ku da ke zaman haya a Mabera, Runjin Sambo, Gidan Igwai, Arkilla da sauran unguwannin Sakkwato, da ku da har yanzu kuke ɗakin zaure a gidan tsoho, ƙanne na tasowa suna leƙen ɗakin.

Duk wanda ka tambaya burinsa a cikinmu zai ce maka gida. Amma tambaye shi nawa ya ware saboda gidan a watan jiya, sai ya ɗauko maka labarin tsadar mai. Ba ƙarya yake yi ba, tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi. Sai dai akwai wani abu bayan tsada. Idan mutum ya hango miliyoyin da gida zai ci, zuciyarsa karaya take yi, naira 20,000 da ke aljihunsa ta koma ba komai ba a idonsa. "Wanga ɗan kuɗɗi mi za shi yi ga gini?" Shi ke nan ta tafi a data da balangu da ankon bikin abokin aboki. Wata goma sha biyu a haka, ka kashe kuɗin tifar yashi da bulo masu yawa ba ka sani ba.

Shawarata ita ce ka daina lissafin gida gaba ɗayansa, ka koma lissafin wata. Kuma burin watan ya zama abu ne mai suna wanda ido zai gani, hannu ya taɓa.

Ga yadda nake nufi. Nemi magini mai amana, ba wanda ke neman kwangila a wurinka ba, ka saya masa shayi, ka ce ya lissafa maka kayan ɗaki da falo da kicin da banɗaki: bulo nawa, siminti buhu nawa, yashi tifa nawa, rodi nawa na linta, kwano bandir nawa, katako, ƙusa, ƙofa da taga. Ya rubuta maka adadin kaya, farashi kuwa ka bar shi, domin kafin ka kai gida ya canza. A ce ya ce maka bulo 1,500. Idan kana iya 60 a wata, wata 25 ke nan. Shekara biyu da wata ɗaya, in ba watan da ka tsallake. Wanda ya ce zai tara miliyan kaza bai san ranar gamawarsa ba, don miliyan ɗin gudu take yi yana bin ta. Mai ƙirga bulo kuwa ya san inda yake: in ya kai 750 ya yi rabi, babu wani gwamnan babban banki da zai rage masa ko ɗaya.

Wajen yanke abin da za ka riƙa cirewa ne mutane da yawa ke faɗuwa. Zumuɗi ke sa mutum ya ɗauki watan da ya fi samu ya mayar da shi ma'auni. Tela ya duba cinikin goman ƙarshe na azumi, ɗan kabu-kabu ya duba makon da ɗalibai suka dawo jami'ar Danfodiyo, sai ya ɗaura wa kansa abin da ba zai iya ba. Wata na farko ya cika, na biyu ya ciwo bashi ya cika, na uku ya watsar, har ya fara jin haushin zancen. Ka auna da watan da ya fi maka tsanani. Abin da za ka iya cirewa a wannan watan ba tare da tukunyar gidanka ta kwana a kife ba, shi ne burinka. In an samu rara a watan yalwa a ƙara a kai, alheri ne. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. A kan ibada ya zo, amma duk wanda ya taɓa zubin adashi ya san haka dukiya ma take.

Kuma shekarar Bahaushe ba wata goma sha biyu masu kai ɗaya ba ce. Akwai azumi, akwai kayan Sallah na yara da uwarsu, akwai ragon layya, ga kuɗin makaranta sau uku. Waɗannan ba ba-zata ba ne, kowace shekara sai sun zo. Tun farko ka cire wata uku ka ce na hidima ne, ka yi lissafinka a kan tara. Ya fi maka a kan ka yi wa kanka alkawarin sha biyu ka karya uku, kana jin kamar ka gaza.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato inda kuɗin ke zama kafin a yi amfani da su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'anarsa, a irin wannan hauhawar, naira 100,000 da ka ɓoye a asusu ko ƙarƙashin katifa, bayan shekara abin da 74,000 ke saye a da shi za ta saya maka. Ba wanda ya shiga ɗakinka, amma an yi maka sata. Siminti kuwa mun ga abin da ya yi. Ga kamfani a Kalambaina, muna ganin tireloli na fita dare da rana, amma a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, bayan 'yan watanni kaɗan kafin nan ana sayensa kusan rabin haka. Da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar shawarar tanadin shekara bakwai, cewa ya yi abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa. Wato bayan tarawa, a kula da siffar da za a ajiye abin don kada ya lalace. Zangarniyar mai son gini ita ce fili da bulo da kwano da rodi.

Amma a kula, ban ce ka sayi siminti ka jibge ba. Siminti na shan danshi, in ya yi 'yan watanni a ajiye, balle da damina, sai ya fara dunƙulewa ƙarfinsa ya ragu. In ka saya, a buga bulo da shi nan take. Idan za a buga maka a filinka, ka tsaya a kai ko ka sa wanda zai tsaya. Mai bugu in ya ga ba kowa, buhun da ya kamata ya ba da bulo inci tara 25 zuwa 30 sai ya ja shi ya wuce 40, ya zo yana maka murmushi wai ya yi maka tattali. Ka ɗauki ɗaya ka murza gefensa da babban yatsa, in yashi na zuba kamar garin kwaki ka san abin da aka yi maka. Sannan a ba shi ruwa safe da yamma na kwanaki, domin ranar Sakkwato in ta busar da bulo kafin ya sha ruwa ya ƙoshi, ya tashi aiki. Kwano da rodi da ƙofofin ƙarfe su suna jure ajiya, muddin an ɗaga su daga ƙasa an kare su daga ruwa.

To bulo sai da wurin ajiye shi, don haka fili ne farko, kuma shi ba a sayensa ƙwaya-ƙwaya. A nan adashi ke da amfani: ka shiga da mutanen da ka san gidajensu da sana'arsu, ka nemi kwasarka ta faɗo lokacin da ka shirya biya, kuɗin su tashi daga hannun uwar adashi zuwa hannun mai fili ba su kwana a ɗakinka ba. Mai gudun riba yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ, sai ka buɗe asusu na daban, kada ka karɓi katin cirewa, kada ka sa manhajarsa a waya. Akwai kuma Sukuk, wato takardun zuba jari marasa riba, na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, ana shiga da naira 10,000, sai dai shi shekaru yake ɗauka. Wanda ya iya kiwo yana iya sayen ɗan rago a kasuwar dabbobi ta Kara ya turke shi zuwa layya, amma ya lissafa dusa da harawa da magani, ya kuma san dabba tana mutuwa. Masu cewa ka kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu a wata kuwa, MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Suna kawai ake canzawa.

Kar a manta da zakka. Kuɗin da ka tara, ko da na gina gida ne, in sun kai nisabi, wato kimar zinari dinari 20, kusan giram 85, suka kuma shekara a hannunka, sai ka fitar da ɗaya bisa arba'in. Filin da ka saya don ka zauna a ciki ba ya cikin wannan. Ka tambayi malaminka ko Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha nawa nisabin yake a lokacin.

Sayen fili kuma wurin kuka ne ga mai gaggawa. Dillali la'adarsa yake nema, zai ce maka "wani Alhaji na nan tahe da kuɗɗi, in ba ka biya yau ba ya wuce ka." Bar shi ya wuce. Ka sa watan nan guda burinka ya zama bincike kawai, ko sisi ba ka biya ba: ka ga mai unguwa, ka tambayi maƙwabtan filin na gabas da yamma wa suka sani da shi, ka je ma'aikatar filaye a duba ko wurin na cikin shatar hanya ko makaranta ko wani aikin gwamnati. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, don haka takardar ciniki da ka rubuta da mai fili mataki ne na farko, neman takardar mallaka ta hukuma na biye, shi ma ka ba shi watansa da kuɗinsa. A rubuta ciniki, a sa shaidu, a auna da tef a gabanka, ƙafa 50 ta zama 50. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba rashin yarda ba ne. Kuma ka je ka ga filin a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama. Fili da rani duk kyakkyawa ne. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwan Rima ya yanke hanyar zuwa mazaunin jami'a na dindindin, ba sai an yi musu bayanin arahar filin bakin fadama ba.

Wani abin da ke raba zumunci a garin nan shi ne gini a gidan gado da ba a raba ba. Tsoho ya ce maka ga kango can ka gina, ka zuba guminka na shekara biyar, ranar da ya koma ga Allah magada su ce ƙasar ta kowa ce. Kuma ba su yi ƙarya ba. In kyauta ce, a yi ta a bayyane tun yana raye, a rubuta, 'yan'uwa su shaida, ka karɓi abinka. Ke ma 'yar'uwa, in kuɗin sana'arki ko gadonki ko sadakinki kika sa a fili, sunanki ya hau takarda. Ba raini ba ne ga maigida, shari'a ce ta ba ki dukiyarki.

Na san abin da wani zai ce: ya za ka tara alhali ga iyaye, ga ƙanne, ga mai zuwa da takardar asibiti? Haƙƙin iyaye da cefanen iyali suna gaba da bulo, wannan ba abin jayayya ba ne, kuma gidan da aka gina da yunwar mata da yara ba abin alfahari ba ne. Amma taimakon dangi ma a yanka masa nasa kason a wata. In ya ƙare ka ce ya ƙare, da fuska a sake. A nan ma mayar da kuɗi kaya na taimako, domin kuɗin da ke waya kowa na da buƙatar da ta kai a taɓa su, amma da wuya wani ya zo ya ce ka ranta masa bulo 40. Kuma rage yawan shela a majalisa. Matarka dai ta sani, don ita za ta jure ragin da za a yi a cefane, kuma in ta san inda kuɗin ke zuwa ita za ta riƙa tuna maka.

Ka sami ɗan littafi na naira ɗari biyu ko uku. Kowane wata layi ɗaya: abin da na yi niyya, abin da na samu yi. Watan da ka kasa, rubuta ka kasa, kada ka ninka na gaba don ramuwa, nan ne igiya ke tsinkewa. Ka ci gaba daga inda ka tsaya. Wani watan burin ma ba na saye ba ne: kafa bulo a kusurwa huɗu na filin don kowa ya san yana da mai shi, ko haƙa ramin sokawe, ko dasa dogonyaro biyu a inda ƙofa za ta kasance.

Kada ka jira sai gida ya kammala da tayil da fenti kafin ka tare. Katanga, ƙofar gida, ɗaki ɗaya da aka rufa aka yi wa daɓe, banɗaki da hanyar samun ruwa, sun isa mutum ya kwashe iyalinsa. Masu cewa ka tare a kango za su yi kwana biyu suna faɗa su gaji. Daga ranar, kuɗin hayar da kake kai wa mai gida duk shekara sun dawo cikin lissafin wata, sai 60 ɗin nan ta zama 100. Abin da zan ce ka fara yi da su shi ne silin, tun kafin filasta, domin ɗakin kwano ba silin a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wurin da za ka bar mai jego da jariri ba ne.