Gwajin fitsari ba ya raba yaro da tiramol

Kiran da shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, Buba Marwa, ke maimaitawa na a riƙa yi wa ɗalibai da masu shirin aure gwajin ƙwaya ya samu 'yan amshi a Sakkwato. To, in gwajin ya kama yaro, ina za a kai shi?

Shi kansa gwajin rauni gare shi. Kodin da tiramol ba sa wuce 'yan kwanaki a fitsari, don haka ango mai wayo hutun mako guda ya ishe shi. Wasu kayan gwajin ma ba sa ganin tiramol sai an sayi nasa na musamman.

Wahalar tana bayan gwaji. Wanda ya saba haɗiye tiramol mai lamba 225, idan ya daina rana ɗaya, kafin gari ya waye ciwon gaɓoɓi, zufa, gudawa da rashin barci sun taso, kuma sukan tsananta a kwana na biyu zuwa na uku. Mai shan diazepam, ƙwayar sa barci, kuwa, yanke masa kwatsam na iya jawo farfaɗiya; a hankali ake rage masa, bisa kulawar likita. Wanke ƙwaya daga jiki kaɗai, ba watanni na bibiya da duba damuwar da ke ƙarƙashin shan, yawanci komawa ake yi.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da laifuka, a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 na shaye-shaye a Najeriya, ɗaya cikin huɗu mace ce. Mu kuwa a Sakkwato asibitin masu taɓin hankali na Kware da sashensu na asibitin koyarwa na jami'ar Danfodiyo (UDUTH) muke kallo, mutumin Isa ko Gudu ya biyo hanyar da kowa ya san halinta. Matar aure mai shan kodin a ɗaka, wa zai raka ta Kware a ce ta haukace?

Masu cewa a rufe duk gidajen mari a huta, sun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa da Daura a 2019, amma ba su faɗi inda iyaye za su nufa ba.

Amsar tana cikin binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda mujallar Lancet ta buga a 2020. An haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci, ma'aikatan suna zuwa duba masu taɓin hankali a wurin masu maganin, su ba da magani. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Kan taɓin hankali aka yi shi, ba shaye-shaye ba, kuma ba a ƙasar Hausa ba. Wannan shi ne aikin da ya kamata jami'ar Danfodiyo da Kware su gwada da malamanmu masu ruƙiyya, a ƙananan hukumomi biyu ko uku, da sharaɗin ba mari, ba bulala, kamar yadda dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ke nufi. Kuɗin kayan gwajin fitsari a fara zuba su can.