Kutsen Equifax: Bai kamata a rataya wa ma'aikaci ɗaya laifin kamfani ba

A watan Oktoban 2017 tsohon shugaban Equifax, kamfanin da ke tattara bayanan bashin jama'a a Amurka, wato Richard Smith, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka kan kutsen da aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Ya ce wani ma'aikaci ne bai isar da saƙon gyara ba, na'urar bincike kuma ta kasa gano matsalar. Wannan bayani bai gamsar da ni ba.

A duba yadda abin ya faru. Ranar 7 ga Maris na 2017 aka sanar da ɓaraka a Apache Struts, wata manhajar gina shafukan intanet da kamfanin ke amfani da ita, aka fitar da gyaranta. Ranar 9 kamfanin ya tura imel cewa a toshe cikin awa 48, amma jerin sunayen da aka tura wa ya tsufa, kuma babu cikakken lissafin kwamfutocin da ke amfani da manhajar. Wanda bai san yawan ƙofofin gidansa ba, ta yaya zai tabbatar duk an kulle?

Ɓarayin sun shiga a tsakiyar Mayu, suka yi kwana 76 suna ɗiba. Sun tarar da kalmomin sirri a wani fayil da ba a ɓoye rubutunsa ba, da su suka kai ga rumbunan bayanai 48, domin ba a katange wani sashe daga wani ba. Na'urar da ke sa ido kan abin da ke fita kuwa ta makance, saboda takardar shaidarta ta dijital, wadda ke ba ta damar karanta bayanan da aka ɓoye rubutunsu, ta daina aiki tsawon wata 19, in ji rahoton majalisar wakilai. Ana sabunta ta a ƙarshen Yuli, nan take aka ga satar.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba aikin mutum guda ba ne. Kuɗin tsaro, yawan ma'aikata, da wanda zai bi sawu ya tabbatar an yi gyara, duk shugabanni ke yanke su. Don haka daidai ne da kamfanin ya ɗauki biyan aƙalla dala miliyan 575 a 2019, a sulhun da ya yi da hukumomin Amurka kan kutsen. Idan aka saba korar ƙaramin ma'aikaci, gobe abokin aikinsa zai ga ɓaraka ya ja bakinsa ya yi shiru.

Inda mutum ya cancanci hukunci shi ne ɓoye gaskiya da gangan. Joe Sullivan, tsohon shugaban tsaro na Uber, kamfanin manhajar kiran motar haya, ya shirya biyan masu kutse dala 100,000 a 2016, aka rufe maganar alhali hukuma na bincikar kamfanin. Kotu ta same shi da laifi a 2022, ba don an yi kutsen ba, sai don ya ɓoye shi.